IN BABBAR MOTA TA YI ƁARNA: HAƘƘIN WANDA YA JI CIWO DA NA IYALIN WANDA YA RASU

Manyan motoci ba su rabuwa da hanyoyin ƙasar nan, dare da rana. Wasu na ɗauke da albasar Galmi. Wasu na ɗauke da wake da aya daga jahar Maradi. Wasu simintin Malbaza. Wasu kuma man fetur daga matatar SORAZ ta Damagaram. Hanya mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maradi, Tasawa da Damagaram, har Diffa. Ta ratsa tsakiyar garuruwa da kasuwanni masu yawa. Inda gingimari da amalanke da yara da bisashe ke bin hanya guda, ba a rasa haɗari.

In haɗari ya auku, ga abin da aka saba gani a karkara. A kai wanda ya karye wurin maɗori. Wanda ya rasu a yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Mai mota ya aiko da buhun shinkafa da 'yan kuɗin gaisuwa. Dangi su ce ƙaddara ce, sun yafe. Magana ta mutu. Bayan wata shida sai a tarar ƙafa ba ta koma daidai ba. Gona ba ta nomu ba. Marayu ba su da hatsi a rumbu.

Alhali kuwa doka ta tanadi diyya domin waɗannan mutane. Haƙƙinsu ne, ba roƙo ba ne. Amma takarda ke riƙe da wannan haƙƙi. Wanda bai nemi takarda ba tun ranar farko, da wuya ya samu kome daga baya.

WA KE BIYA?

Kowace mota da ke tafiya bisa hanya tilas ne ta kasance da asiransi, wadda a Najeriya ake kira inshora. Mai mota yana zuba kuɗi ga kamfanin asiransi. Kamfanin kuma ya ɗauki alkawari: in motar ta ji wa wani ciwo, ko ta kashe shi, ko ta ɓata dukiyarsa, kamfanin ne zai biya. A Nijar akwai irin waɗannan kamfanoni, kamar Leyma, da CAREN, da SUNU, da NIA.

Ke nan kuɗin diyya ba daga aljihun direba suke fitowa ba. An riga an zuba su tun kafin haɗarin. In wanda ya ji ciwo bai nema ba, direba bai ƙaru da kome ba. Kuɗin suna zama cikin asusun kamfani.

DOKAR DA AKE BI

Ranar 10 ga watan Yuli na shekara ta 1992, a birnin Yawunde na Kamaru, ƙasashen Afirka masu aiki da kuɗin CFA suka sa hannu bisa wata yarjejeniya. Suka kafa hukuma guda mai kula da sha'anin asiransi. Sunanta CIMA. Mazauninta yana Libarbil, ƙasar Gabon. Ƙasashe 14 ke cikinta. Akwai Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Togo, Kamaru da sauransu. Najeriya da Ghana ba su ciki.

Dokar CIMA ta fara aiki a shekara ta 1995. Ita ce ta faɗi wanda za a biya, da abin da za a biya, da lokacin da za a biya. Kamfani ba ya yanke kuɗin yadda ya ga dama. Alƙali ma da ma'aunin wannan doka yake aiki.

WA KE DA HAƘƘI?

Na 1. Mai tafiya ƙasa. Wanda mota ta buge yana tafiya, ko yana bisa jaki, ko amalanke, ko keke, yana da haƙƙin a biya shi ciwon jikinsa. Ko da shi ne ya ƙetare hanya bai duba ba, kamfani ba shi da ikon ya ce laifinsa ne, ba zai biya ba. Yaron da ya ruga cikin kwalta ma haka. Doka ta ware mutum guda kawai: wanda ya jefa kansa gaban mota da gangan.

Na 2. Fasinja. Ranar kasuwa mutane da yawa na hawa bisa kaya a bayan gingimari. Wannan hawa yana da haɗari ƙwarai, kuma ya saɓa wa dokar hanya. Duk da haka, in mota ta faɗi, kamfani ba zai kafa hujja da wannan ya hana su diyya ba. Zai biya su, sa'an nan ya juya ya bi mai mota bashin abin da ya biya. Haka nan in direban ba shi da takardar izinin tuƙi. Wannan rigima ce tsakanin kamfani da mai mota. Ba ruwan wanda ya ji ciwo.

Na 3. Iyalin mai mota da na direba. In suna cikin motar suka ji ciwo, doka ta ɗauke su kamar sauran fasinja.

Na 4. Wanda ke tuƙa wata mota, ko babur, suka yi karo da babbar mota. Shi ana duba laifinsa. In ba shi da laifi, a biya shi duka. In suna da laifi su biyu, a rage. In laifin nasa ne shi kaɗai, ba a biyansa.

Na 5. Direban motar da ta yi ɓarna. Asiransin tilas ba ta biyan ciwonsa. In ma'aikaci ne da uban gidansa ya rubuta sunansa a asusun ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, to wannan haɗarin aiki ne, can zai nema. Shi ya sa direba da yaron mota suke da amfani su matsa a rubuta su.

Na 6. Mai dukiya. In mota ta kashe sa, ko raƙumi, ko ta farfasa amalanke, ko ta rushe katanga, kamfani yana biya. Amma a nan ana duba laifi. Makiyayin da ya saki bisashe bisa kwalta da dare, ba mai tsaro, ana iya rage masa, ko a hana shi. Kayan da aka ɗora wa motar kuwa, kamar buhunan albasa ko na gero, asiransin tilas ba ta biyan su. Maganarsu tana tsakanin mai kaya da mai mota.

In motoci biyu ne suka yi karo, wane kamfani za a nema? Fasinja ya nemi kamfanin motar da yake ciki. Mai tafiya ƙasa ya nemi kamfanin motar da ta buge shi. Kamfanonin su daidaita tsakaninsu daga baya.

RANAR HAƊARI

Abu na farko shi ne ceton rai. A kai wanda ya ji ciwo likita mafi kusa. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko a baya, kada a naɗe shi, kada a zaunar da shi. A ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Ta 'yan sanda 17.

Abu na biyu shi ne lambar mota. Duk wanda ya iya rubutu a wurin, ya rubuta ta nan take, haruffa da lambobi duka. Tirela tana da lamba biyu: ta kai da ta wutsiya. A rubuta su duka. In akwai suna rubuce jikin ƙofa, a rubuta shi. Mai salula ya ɗauki hoto. In ba alƙalami, ko da gawayi ne a rubuta jikin bango.

Abu na uku, a kira jandarma. In cikin birni ne, a kira 'yan sanda. Su ne ke auna wuri, su karɓi takardun mota, su ji bakin shaidu, su rubuta takardar bincike. Wannan takarda ita ce uwar sauran takardu. A cikinta ne ake samun sunan kamfanin asiransi da lambar yarjejeniyarsa da mai mota. Doka ta ce su aika wa kamfani kwafinta cikin wata 3.

A tabbata sunan kowane mai ciwo ya shiga takardar jandarma, da sunan ubansa, da garinsu. In an kai mutum likita kafin su iso, wani ɗan uwa ya tsaya ya faɗi sunansa. A rubuta sunan daidai da na takardar haihuwa. In ana kiran mutum da laƙabi a gari, aka rubuta laƙabin, wahala ce za ta biyo baya.

Shaidu kada su watse. Mutane da yawa na gudun shaida, don tsoron a riƙa kiransu gidan shari'a. Amma maganar shaidu biyu tana iya ceton gida guda daga yunwa.

Kada a bugi direba. Kada a ƙone mota. Wanda ya yi haka ya ja wa kansa kaso. Kuma takardun da ake bukata cikin motar suke. Direbobi da yawa na gudu ne don tsoron duka, ba don ƙin gaskiya ba.

In tankar mai ce ta faɗi, kowa ya yi nesa. A watan Mayu na shekara ta 2019 wata tanka ta faɗi kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka taru da bokiti da jarka suna kwasar mai. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 50 suka mutu a daren nan.

TAKARDAR LIKITA

Jandarma na shaidar an yi haɗari. Likita ke shaidar an ji ciwo. Ranar farko a nemi likita ya ba da takardar shaida. Cikinta zai rubuta kowane rauni da ya gani, da yawan kwanakin da mutum zai yi bai yi aiki ba.

Mai ciwo ya faɗa wa likita duk inda ke masa zafi. Kada kunya ko jarunta ta sa ya ɓoye. Ciwon kai, jiri, ciwon baya, haƙorin da ya karye, kunnen da ya daina ji, duka a faɗa. Abin da ba a rubuta ba ranar farko, kamfani yana iya cewa ba motar ce ta jawo shi ba.

Maɗori ba ya ba da takarda. Wanda aka wuce da shi wurin ɗori kai tsaye, ba hoton ƙashi, ba shaidar likita, ya bar hujjarsa a hanya. Kuma karayar da ƙashi ya fasa fata aikin asibiti ce. In aka ɗaure ta a gida tana iya ruɓewa, har a kai ga yanke ƙafa.

Kowace takardar sayen magani a ajiye ta. Haka rasit na hoto, na gado, na aikin fiɗa, da na motar da ta kai mai ciwo. A samu leda guda a riƙa zuba su, a ɓoye inda ruwa da gara ba su kai ba. Kamfani yana maida kuɗin da aka kashe in an nuna rasit. Yana kuma iya biyan asibiti kai tsaye. Amma akwai iyaka, kuma da farashin asibitin gwamnati ake auna ta.

Bayan jinya akwai ranar da likita zai ce ciwo ya tsaya: ko ya warke sarai, ko ya bar naƙasa da ba za ta ƙara canzawa ba. Ranar nan zai ba da takarda ta biyu. Da ita ake lissafin ƙarshe.

Kamfani yana da ikon ya sa nasa likita ya duba mai ciwo. Tilas ya sanar da shi kwana 15 kafin ranar. Mai ciwo kuma yana da ikon ya zo da likitan da ya zaɓa, amma shi zai biya shi.

ME AKE BIYAN WANDA YA JI CIWO?

Doka ta jera su ɗaya bayan ɗaya.

1. Kuɗin magani da jinya. Har da sandar dogarawa, da keken guragu, da ƙafar roba, in likita ne ya rubuta.

2. Kwanakin da mutum ya yi bai yi aiki ba. Mai albashi ya nuna takardar albashinsa. Manomi, ko makiyayi, ko mai tallar fura, waɗanda ba su da takardar abin da suke samu, ba a barinsu hannu banza. Ana yi musu lissafi da albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ta yanke wa ma'aikaci, wanda ake kira SMIG. A shekara ta 2012 an tsaida shi tamma 30.047 a wata, wato jikka 30 da 'yan kai. Misali: da ma'aunin wancan lokaci, manomin da likita ya ba wata 3 zai samu 30.047 sau 3, wato tamma 90.141. In gwamnati ta ƙara SMIG, lissafin ma ya ƙaru.

3. Naƙasa mai dawwama. Likita ke auna ta, ya ce kashi kaza cikin 100. Ana haɗa wannan da shekarun mutum. Yaro yana samun fiye da tsoho, don zai fi daɗewa da naƙasar.

4. Asarar abin da mutum ke samu, in naƙasa ta kai kashi 50 cikin 100.

5. Kuɗin mai kula da shi, in naƙasa ta kai kashi 80 cikin 100, har ba ya iya ci ko wanka sai da taimako.

6. Azabar da ya sha, da tabon da ya ɓata masa kama. Doka ta kasa su mataki 8, daga mai sauƙi ƙwarai har mai tsanani ƙwarai.

7. Asarar sana'a, da asarar karatu ga ɗan makaranta.

IN MUTUM YA RASU

Ana gaggawar sutura, kuma haka ya kamata. Amma kafin a rufe, a bari likita ya ga gawa, ya ba da takardar da ta faɗi abin da ya kashe shi. Wannan ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. In an rufe ba takarda, tabbatar da magana daga baya yana da wuya.

Sa'an nan a shelanta rasuwar wurin mai rubuta haihuwa da aure da rasuwa, a gari ko a ma'aikatar magajin gari, a karɓi takardar rasuwa. Bayan haka dangi su tafi wurin alƙali da shaidu. Alƙali zai ba da takardar da ta jera magada. Kamfani zai kuma nemi takardar aure, da takardar haihuwar kowane ɗa, da shaidar cewa suna raye. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba tun yana jariri, alƙali yana iya yi masa hukuncin da ke zama madadinta.

Ga abin da ake biyan iyali:

1. Kuɗin jinya, in ya yi jinya kafin ya cika, da kuɗin sutura, har iyakar da doka ta yanke.

2. Asarar mai ciyarwa. Wannan na matansa ne, da ɗiyansa, da uwayensa. In mata 2 ne, ko 3, ko 4, suna raba kason mata tsakaninsu. In mace ce ta rasu, mijinta da ɗiyanta suna da haƙƙi.

3. Kuɗin baƙin cikin rashi. Wannan na mata ko miji ne, da ɗiya ƙanana da manya, da uwa da uba, da 'yan uwan da suke ciki ɗaya ko uba ɗaya.

Doka ta faɗi kason kowa. Ba a damƙa wa babban wa kuɗin duka ya raba yadda ya so. Kason yaro ƙarami kuwa, kamfani ba ya rufe maganarsa da kowa sai da yardar waɗanda doka ta ba wannan iko.

TAYIN KAMFANI

Kada a zauna jiran kamfani ya zo gari. A rubuta masa takardar nema. A haɗa da kwafin takardun da aka tara. A riƙe na asali a gida. Wanda ya karɓa a ofis ya buga hatimi da kwanan wata bisa kwafi guda, a komo da shi. Wannan hatimi shi ne shaidar an kai.

A takardarsa ta farko, tilas kamfani ya sanar da mai ciwo abu biyu. Na ɗaya, yana iya samun kwafin takardar jandarma daga hannun kamfanin in ya nema. Na biyu, yana da ikon ya nemi mai ba shi shawara, wanda ya ga dama.

Doka ta yanke wa kamfani wa'adi na ya yi tayi a rubuce. Wa'adin bai wuce shekara guda ba daga ranar haɗari. In jinya ta yi tsawo, kamfani yana yin tayin wucin gadi, a ba mai ciwo wani abu ya riƙe, a cika sauran ranar da ciwo ya tsaya. In kamfani ya wuce wa'adi, akwai tara da ake ƙara masa bisa kuɗin.

Tayi ba dunƙule yake zuwa ba. Kowane abu da layinsa: magani kaza, kwanaki kaza, naƙasa kaza, azaba kaza. A karanta layi layi. In takardar da Faransanci take, a nemi malamin makaranta ko wani amintacce ya fassara ta duka. Kada a dangwala yatsa bisa abin da ba a ji ma'anarsa ba. Kada a sa hannu bisa farar takarda.

In an sa hannu, sa'an nan aka gano lissafin bai bi doka ba, akwai sauran dama. Mutum yana da kwana 15 ya janye. Sai ya aika wa kamfani wasiƙa ta gidan waya, irin wadda ake sa hannu in an karɓa. Ko da an rubuta cikin takardar cewa ya bar wannan dama, rubutun banza ne, doka ba ta san shi ba. In kwana 15 sun wuce ba a janye ba, tilas kamfani ya biya, kada ya wuce wata guda.

HATTARA DA 'YAN KAMASHO

Akwai masu yawo asibiti suna neman waɗanda mota ta buge. Sukan ba da jikka 10 ko 20 na magani. Sukan ce su sun san hanya. Sa'an nan su miƙo takardar wakilci a dangwala. Da wannan takarda suke karɓar kuɗin duka, su ba mai ciwo abin da suka ga dama. Wanda zai ba da wakilci ya ba wanda ya sani, kuma a rubuta ladansa tun farko, gaban shaidu. Ranar biya, mai haƙƙi ya tafi da kansa, ya ga adadin da idonsa.

IN BA A DAIDAITA BA

In wa'adin tayi ya cika ba a shirya ba, sai gidan shari'a. Mai ciwo ko magada su kai ƙara. Alƙali zai yi lissafi da ma'aunin dokar CIMA.

Shari'ar direba dabam take. In ya yi gudun wuce kima, ko ya yi tuƙi cikin maye, ko da mota marar birki, hukuma ce ke tuhumarsa. Ko an ɗaure shi, ko an sake shi, mai tafiya ƙasa da fasinja suna nan da haƙƙinsu wurin kamfani.

Talaka ba ya rasa mai taimako. A shekara ta 2011 gwamnati ta kafa hukumar ba da agaji ta fannin shari'a, wadda ake kira ANAJJ. Tana da ofis a manyan gidajen shari'a, kamar na Yamai, Dosso, Birnin Ƙonni, Tawa, Maradi da Damagaram. Tana bayyana wa mutum doka kyauta. Marar hali kuma tana iya samo masa mai kare shi. A ma'aikatar ministan kuɗi ma akwai ofishin da ke sa ido bisa kamfanonin asiransi. Ana kai masa kuka a rubuce.

Abu guda kada a manta: haƙƙin nan yana da ajali. Shekara 5 ce daga ranar haɗari. In ta wuce ba a nema ba, ƙofa ta rufe.

MOTA MARAR ASIRANSI, DA MOTAR DA TA GUDU, DA MOTAR WAJE

In aka tarar motar ba ta da asiransi, ko tata ta ƙare, haƙƙi bai faɗi ba. Ya koma wuyan mai mota. Doka ta ɗora wa uban gida ɓarnar da yaronsa ya yi cikin aiki. Sai a kai shi gaban alƙali, ya biya daga dukiyarsa.

In mota ta gudu, lambarta ce kawai za ta tona ta. Da lamba jandarma ke gano mai ita. Ko rabin lamba, da launin mota, da irin kayan da ta ɗauko, da lokacin da ta wuce, suna da amfani. A gaggauta faɗa, tun ba ta wuce shingen gaba ba.

Motoci da yawa na shigowa daga ƙasashen maƙwabta. Su ma tilas su riƙe takardar asiransi mai aiki cikin Nijar. Domin irin wannan ne ƙasashen Afirka ta Yamma suka ƙirƙiro wata takardar asiransi ta ƙetare iyaka a Kotonu, shekara ta 1982. Ko wace iri ce direba ya nuna, a roƙi jandarma su rubuta lambarta da sunan kamfanin kafin a saki motar. In ta ƙetare iyaka ba a rubuta ba, nemanta sai an sha wuya.

Wanda haɗari ya same shi a Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ya sani can ƙasar Najeriya ce. Dokarsu ce ke aiki, ba ta CIMA ba. Amma can ma takardar 'yan sanda da ta likita su ne hujja. Kada ya komo gida sai da su.

MAGANAR YAFEWA

Yafewa halin kirki ne. Wanda ya yafe wa direba, ya ce ba ya riƙe da shi a zuciya, ya yi abu mai kyau. Amma yafe wa direba dabam, barin kuɗin kamfani dabam. Mutum yana iya yin na farko, ya nemi na biyu. Ba wanda zai ce ya ci amanar zumunci.

Kuɗin gaisuwa da mai mota ya kawo, a karɓa in ana so. Amma in ya zo da takarda ya ce a sa hannu an bar magana, a dakata. Sau da yawa masu cewa sun yafe ba su ne za su ciyar da marayu ba. Kawu ya yafe ranar zaman makoki, ya koma gidansa. Uwar yara ce za ta yi shekara 15 tana daka da surfe. Babba yana da ikon ya bar nasa kaso. Ba shi da ikon ya bar na yaro.

ABIN DA ZA A RIƘE

Lambar mota, tun ba ta tashi ba.
Sunan mai ciwo cikin takardar jandarma.
Takardar likita ta ranar farko, da ta ranar da ciwo ya tsaya.
Rasit na kowane magani.
Takardun haihuwa, aure da rasuwa.
Karatu kafin sa hannu.
Kwana 15 na janyewa, shekara 5 na nema.

Garin da ke bakin kwalta ya kamata ya shirya tun haɗari bai zo ba. Mai gari da mutanensa su zaɓi mutum biyu ko uku masu karatu. Su riƙe littafi da alƙalami, da lambar wayar jandarma mafi kusa. Magidanta su yi wa ɗiyansu takardar haihuwa, su rubuta aurensu, tun ana zaune lafiya. Ranar da ƙaddara ta faɗa, hankali ba ya wurin takarda. Wanda ya tanada tun jiya, shi ke samun haƙƙinsa.